Daga Kontagora zuwa Argungu da cikin wata bakwai

Cikina na shiga wata bakwai aka ce in haɗa kaya, za a kai ni gida goyon ciki. Na fari ne, a wajenmu kuwa haihuwar fari a ɗakin uwa ake yin ta. Malamar da ke mini awo a Kontagora ba ta hana ba, ta dai ce kada katin awo ya bar jakata, kuma duk inda mota ta tsaya in sauko in taka ƙafa.

Gwaggon maigidana ce ta rako ni. Da asuba muka isa tasha, maigida ya biya mini kuɗin mutum biyu a kujerar gaba, kuɗin da har yau nake sa masa albarka. Duk ramin da muka faɗa a hanyar Yauri sai na cikin ya rama da shuri. Gwaggo daga baya ta riƙa cewa, "Direba, a hankali, ba ita kaɗai ba ce." Ya ce to Hajiya, ya ƙara wuta.

Wata uku ina kwaɗayin bandar kifin Yauri, na bakin kogin Kwara. Muna tsayawa a Yelwan Yauri 'yan talla suka yo kanmu da faranti, ƙamshin na bugo ni zuciyata ta tashi, ko kallonsa ban iya ba. Gwaggo dai sai da ta sayi na tsaraba. Na rasa bakin da zan gaya mata Argungu za mu, garin da ake bikin kamun kifi a Matan Fada.

Garin Koko a cikin barci na wuce shi. A Jega muka yi azahar, nan na ga ƙafafuna sun kumbura har takalmi ya ƙi shiga. Daga nan muka bar titin Sakkwato muka bi ta Kalgo zuwa Birnin Kebbi, inda muka sake mota. Wani ɗan kamasho ya karɓi jakata ya ce, "Sannu da tahiya, ina za ki tahi?" Jin harshen gida kawai sai ciwon bayan ya ragu. Kaka ce, fadama duk an yanke shinkafa, ana ta bugu.

Bayan la'asar muka sauka. Baba na zaure, ya amsa gaisuwata kansa a ƙasa, ya tambayi hanya da mutanen gida, shi ke nan. Inna kuwa, da yake ni ce 'yar fari, ba ta taɓa kiran sunana ba. "Ke, kun iso?" ta ce, ta juya ga Gwaggo da gaisuwa kamar baƙuwar ita kaɗai ta zo. Kakata ce ta kama ni tana dariya: "Wanga miji nau da kika ɗauko, ya ba ki wuya ga hanya ko?"

Sai da na zagaya alwala na ga tulin itace ya kai rabin katanga, ga babbar tukunyar wankan jego an kife, ga buhun gero da kanwa a gefe. Da dare, tana zaton na yi barci, Inna ta shigo ta ɗaga ƙafafuna ta sa musu matashi, ta fita ba ta ce komai ba.

Da safe na ji tana ce wa ƙanwata, "Ce ma waccan ta ɗauko katinta, a kai ta awo."