Wasiƙa daga Melbon: aikina da masu nakasa

Assalamu alaikum 'yan uwa na gida. Ya iyali, ya ƙoƙari?

Da yawanku da kuka ji ina aiki da masu nakasa a Ostireliya, kun ɗauka jinya nake yi, wato wanka da ba da abinci da tura keke. Wannan aikin wasu ne, kuma ina girmama masu yin sa. Ni nawa waya ce da takardu da zirga-zirga.

A 2013, zamanin Firaminista Julia Gillard, aka kafa tsarin inshorar nakasa da ake kira NDIS, ya game ƙasar baki ɗaya a 2020. Duk ɗan ƙasa ko mai izinin zama na dindindin da ke da nakasar da ba ta warkewa, in ya nema kafin ya cika shekara 65, hukumar NDIA mai kula da tsarin kan ware masa kuɗi da sunansa. Yau masu cin gajiyar sun haura 600,000. Kuɗin na da manyan kashi uku: na hidimar yau da kullum, na koyon dogaro da kai, sai na manyan kaya irin su keken lantarki ko gyaran banɗaki. To amma takardar shirin tallafin da ake ba mutum cike take da yaren ofis, ga kamfanonin hidima birjik, kowa na cewa shi ne gwani. Nan nake shigowa. In zauna da shi mu warware abin da aka rubuta, in nemo masa mai gashin ƙashi ko mai koyar da magana, mu duba yarjejeniya kafin ya sa hannu, in kuma rubuta rahoto idan lokacin sabunta shirinsa ya yi.

Ladan aikin daga cikin kuɗinsa ake cira, kusan dalar Ostireliya 100 a awa, kuma kamfanin da nake wa aiki ake biya, ni albashi nake ɗauka. Don haka ko doguwar gaisuwa a waya sai da lissafi, domin awanninsa ne ke tafiya.

Abin da ya fi wuya ga wanda ya tashi irin tashinmu shi ne kame baki. Mun saba in muna tausayin mutum sai mu yanke masa hukunci, mu ce don amfaninsa ne. A nan doka ta ce zaɓi nasa ne. Saurayi zai ce shi kaɗai yake son zama, uwarsa na hawaye tana roƙo in hana shi. Ina jin ta har zuciya, wallahi, amma ba ita nake wa aiki ba. Iyakata in faɗa masa haɗarin ƙarara, sannan mu nemi gidan da za a riƙa leƙa shi.

Kada ku ɗauka komai lafiya lau ne. A ƙauyukan Yankin Arewa na Ostireliya, can wajen garin Alice Springs, mutum na da kuɗi a rubuce amma babu ma'aikacin da zai zo. Ga 'yan damfara masu aika takardar biya kan aikin da ba su yi ba. A Disambar 2023 ma, kwamitin da ya duba tsarin ya ba da shawarar a maye gurbin irin aikinmu da wani sabon muƙami, don haka mu kanmu a ɗarare muke.

A gaishe da kowa da kowa, a kuma sa mu a addu'a.

Naku,
ɗan uwanku a Melbon