Ƙahon Kawu ya tsage

Saura kwana tara babbar sallah Kawu ya aiko autansa ya kira ni. Na tarar da shi a zaure, ya baje kayan bindigarsa a kan buzu, yana jujjuya wani guntun ƙaho a tafin hannu kamar wanda aka yi wa rasuwa. Ƙahon ya tsage daga baki har kusa da gindi. Tsawonsa bai wuce babban yatsa ba, amma shi ne mudun albarushinsa tun ban zo duniya ba, shi ma a hannun kakanmu ya gaje shi.

Ga wanda bai san mu ba, Kawu yana cikin 'yan bindigar da ke tashin gari ranar hawa a nan Garwa ta ƙasar Kamaru, idan Lamiɗo ya taso daga idi. Bindigar ɗuri ce ta baki, ba a sa mata harsashi, albarushi ne da tsumma, ƙara da hayaƙi kawai ake so. Fada ta san da ita, hukuma ma ta sani, don tun da aka yi dokar makamai ta 2016, ga kuma halin rashin tsaro da ake ciki can wajen Marwa, ba mai hankalin da zai ajiye bindiga a ɗaki ba takarda.

Ya ce, "Kai da kake yini kana latsa waya, ka nemo mini wani."

Na ce, "To Kawu, an gama." Na ɗauka aikin rabin sa'a ne.

Da dare na rubuta abin da nake nema da Faransanci, sai ga wata duniya ta buɗe. Ashe a Amurka da Turai akwai mutanen da sha'awarsu ke nan, su tara kwanson harsashin da suka harba su sake cika shi da kansu, kuma injin awon garin albarushin kaɗai ya ishe su musu na shekara. Wani ya ce na kamfanin Lee, wani ya ce ba kamar Uniflow na RCBS, wani yana rantsuwa da Hornady, tsofaffi kuma suna riƙe da Lyman. Yawancinsu ƙira ɗaya ce: mazubi a sama kamar kwalba, a ƙasansa wata 'yar ganga mai rami, da noti da ake murɗawa a faɗaɗa ramin ko a rage shi. Ka ɗaga hannun injin rami ya cika, ka sauke ya juye cikin kwanso. Na tuna wani abokina direba da ke aiki a sansanin farauta ta wajen Faro ya taɓa ce mini wasu Turawan da ke zuwa da rani, harsashin da suke kawowa su suka cika abinsu a gida. A lokacin na ɗauka ƙarin gishiri ne.

Ni a kantin magani nake aiki, awo ba baƙona ba ne, shi ya sa abin ya ja ni har wajen ƙarfe biyu na dare. Ma'auninsu sunansa giren. Giren 7000 ne laba ɗaya, wato giren guda bai cika miligiram 65 ba, kuma a kan kashi ɗaya cikin goma na wannan suke jayayya. Abin da ya fi burge ni shi ne duk tsadar injin, ba nauyi yake aunawa ba, cikar rami yake aunawa, kamar mudun mai hatsi. Don haka siffar garin ita ke hukunci. Mai ƙwayoyi kamar gero yana zuba sumul. Mai siffar guntayen tsinke yakan maƙale, ganga ta datse shi. Mai fale-fale kuma wani lokaci sai ya cunkushe a wuya, wannan zubi ya yi kaɗan, na bayansa ya yi yawa. Shi ya sa ba wanda ke yarda da injin shi kaɗai, dole da sikeli a gefe, ana yi ana dubawa.

Da safe na je wa Kawu da hoton wani inji kore mai sheƙi, ina ta zuba bayani. Ya karɓi wayar ya nisanta ta da idonsa, ya daɗe yana kallo.

"Wannan a ina zan rataye shi? A wuyan doki?"

Dariya ta kama ni, amma tambayar ta zauna. Injin nan a jikin tebur ake ɗaure shi, an yi shi ne don mai cika kwanso ɗari a zama ɗaya. Kawu kuwa a tsaye yake ɗuri, cikin ƙura, dawakai na wucewa. Wannan ma ƙaramin dalili ne. Babban shi ne garin ba ɗaya ba ne. Abin da ke cikin harsashin zamani gari ne marar hayaƙi, wanda wani Bafaranshe, Paul Vieille, ya fito da shi a 1884, har aka ƙera bindigar Lebel ta 1886 dominsa. Na Kawu baƙin albarushi ne na tun kaka da kakanni, wanda ƙyastu ɗaya ya ishe shi tashi. Masu ƙera injinan nan da kansu suna gargaɗi kada a zuba baƙin albarushi a mafi yawansu, sai waɗanda aka yi musamman da tagulla da gorar ruwa, wato alminiyam, ba roba ba, ba ƙarfen da zai yi tartsatsi ba.

A nan ne Kawu ya ba ni labarin da na sha ji a gutsure, ban taɓa jin sa cikakke ba. Wata shekara wani saurayi a cikinsu ya ga bindigarsa ba ta kai ta manya ƙara ba. Sai ya samo harsashin farauta, ya farke, ya juye garin cikin mudunsa yadda ya saba. Mudu ɗaya ne, amma ƙarfin ba ɗaya ba, bututun da maƙeri ya yi don baƙin albarushi ba zai ɗauki wancan ba. Bindigar ta tarwatse a hannunsa, yatsu biyu suka tafi. Kawu ya ce har yau in sun haɗu a kasuwa da hagu yake miƙo masa hannu, yana ba da haƙuri. Saboda irin wannan ne ba zan rubuta yawan abin da Kawu ke zubawa ba, kowace bindiga da cikinta.

Sai muka koma neman abin da ke kusa. Yaran yanzu da yankakken kwanson roba suke awo, wasu da murfin kwalba. Ni ma na kawo murfin maganin tari daga kanti, mai zanen mililita a jiki, ina ganin na yi dabara. Kawu ya ce a'a. Roba da hunturu in ka goga ta a riga har gashin hannu take ja, garin yana manne mata, kuma in ta ji zafin bututu sai ta lanƙwashe, awo ya canza ba ka sani ba. Wani ya kawo guntun bututun ƙarfe, shi ma ya ture. Na ce to me zai hana a samo gorar nan mai baki da ke auna da kanta, a kafa ta a bakin bindiga a zuba? Nan ya ɗaga murya, abin da ba ya yi mini. Ya ce bayan harbi wani lokaci akwai sauran wuta a can ƙasa tana ci a tsumma. In daga mudu ka zuba, abin da zai tashi cikin mudu ne, ka sha ƙuna a yatsa. In daga gora ne, gorar gaba ɗaya ce za ta tashi a gaban fuskarka. Amfanin ɗan ƙahon ke nan, ashe, ya raba wuta da rumbu.

Shawara ta tsaya a kan tagulla. Matsalar ita ce yadda za a gane cikin tsohon daidai. Muka naɗe ƙahon da zare har tsagar ta haɗe, na je bakin Binuwai na ɗebo rairayi mai laushi, muka tankaɗe, muka cika ƙahon muka shafe baki, muka ƙulle rairayin a leda. Shi na kai wa maƙerin farfaru, na ce ina son ɗan kofi da zai cinye wannan cif, ba ƙari ba ragi, bakinsa a miƙe, da kunne na ratayewa. Na farko ya yi faɗi, ya ce ai bambancin ba yawa. Na ce a sake. Ya yi tsaki, ya sake.

Kafin in miƙa wa Kawu na aro ƙaramin sikeli wurin wata mai sayar da gwal, na ce sai mun gwada irin na Turawa. Na ɗiba sau goma, shi ma sau goma. Nawa ya yi ta hawa da sauka, don wani lokaci ina ƙwanƙwasa gefen garin ya zauna, wani lokaci in bar shi da tozo. Na Kawu kuwa kusan a wuri ɗaya ya tsaya: ya zuba, ya shafe da babban yatsa sau ɗaya, shi ke nan. Bai ma kalli lambar ba. Abin da ya dame shi daban ne, ya murza garin ya ce ya fara shan danshi, ga hadari kullum, a mayar da shi cikin gora a toshe.

Ranar hawa ina tsaye kusa da masu algaita na hango shi. Sabon mudun yana lilo a ƙirjinsa yana ɗaukar ido, a kan igiyar kuma ga tsohon ƙahon, har yanzu da zaren da muka naɗa masa.