Gyaran Tsohon Kicinmu a Abesan

Gidan da muke ciki a Abesan, ta wajen Ipaja, yana cikin rukunin gidaje masu sauƙin kuɗi na zamanin Gwamna Lateef Jakande, wanda ya mulki Jihar Legas daga 1979 zuwa 1983. Kicin ɗinsa matsattse ne mai taga ɗaya, kuma duk ranar da 'yan'uwa suka zo daga Agege, ni kaɗai nake yini a gaban tukunya alhali hira tana can falo. Wannan kaɗaici ne ya sa na ɗaura niyyar gyara.

Da farko na yi gaggawa. Na sa kafinta ya haɗa mini durowoyi da katakon nan da ake matsewa daga garin itace, saboda yana da arha kuma yana ɗaukar ido, amma damina ɗaya ta Legas ta isa ta kumbura shi har ƙofofin suka daina rufuwa. Da mai aikin famfo ya fasa bango, sai muka tarar tsofaffin bututun ƙarfe sun yi tsatsa, sun daɗe suna tsiyaya a cikin bulo. Dole muka cire komai, muka sa bututun roba, muka bar bangon ya sha iska ya bushe kafin a yi sabuwar filasta, sannan aka manna tayil ɗin da na sayo a Orile. Sababbin durowoyin da falanki mai jure ruwa aka yi su, kuma a kan ƙafafu suke tsaye domin kada su taɓa ƙasa. Da na fara da bututu, da ban biya kafinta sau biyu ba.

Maigida ya so a rushe bangon da ya raba mu da falo, ni kuwa na dage sai injiniya ya duba, domin akwai iyalai a samanmu. Bangon ɗan sito kawai injiniyan ya amince a cire. A gurbinsa muka sa dogon benci, muka bar filin shimfiɗa tabarma, muka mayar da tukunyar gas baranda, muka sa fanka mai zuƙe hayaƙin manja da ƙwan lantarki mai haske ruwan ɗorawa.

Ranar Sallar da ta wuce, surukata ta zauna a bencin tana tsinkar zogale, jikokinta na kan tabarma. Na ce, "Hajiya, ko za ki koma falo ki huta?" Ta ce a kawo mata shayinta nan.