Abin da ruwa ya bari

A watan Satumba na 2020 aka raba mana takardu, mu malaman gona, aka ce mu shiga fadama mu ƙidaya ɓarnar ambaliya. Takardar layi-layi ce: sunan manomi, ƙauyensa, girman gona, abin da ya shuka, nawa ruwa ya ci. Iyakarta ke nan. Wanda ya tsara ta bai yi laifi ba, asara aka aike mu mu auna, kuma a shekarar akwai abin aunawa. Gulbin da ya biyo ta Argungu da Birnin Kebbi ya gangara Bunza ya cika ya batse, har ba ka gane inda gulbi ya tsaya gona ta fara. Rahotannin lokacin sun ce ruwa ya shafe kimanin hekta 450,000 ta shinkafa a jihar Kebbi. Ni dai abin da idona ya gani shi ne mutum a cikin kwalekwale yana nuna ruwa da sanda, yana cewa, "Nan gonata take."

Ni mutumin ƙasar Zuru ne, aiki ya kai ni arewacin jihar. Tun da aka ƙaddamar da shirin ba manoman shinkafa rance a Birnin Kebbi a 2015, kowa ya zama manomin shinkafa, har da mu masu koya wa mutane. Na kama hayar hekta ɗaya, na zuba kuɗin adashen matata, na ci bashin taki buhu huɗu. Ita kuwa malamar makarantar kuɗi ce, tun da korona ta sa aka rufe makarantu a watan Maris ba ta ƙara ganin albashi ba. Shinkafar ta yi ciki ke nan ruwa ya zo. Faro 44 ce, iri mai kyau, amma ba ta jure nutsewa. Kwanaki kaɗan a ƙarƙashin ruwa sun ishe ta, tawa kuwa ta haura mako biyu.

To haka nake yawo da takarda ina rubuta asarar mutane, tawa tana cikina. Kuma kun san gaisuwarmu. "Ina aiki?" "Da godiya." "Yaya ruwa?" "Ruwa ya yi gyara." A yini sai na faɗi "da godiya" sau ashirin, kuma kowane karo ina jin kamar ƙarya na yi. Ran Lahadi ma haka. Ana rera waƙar yabo, bakina na motsi, zuciyata na lissafin buhu huɗu.

Wata rana muka sauka wani ƙauye da ruwa ya cinye rabinsa. Na zauna a kan turmi da aka kifa, mutane suna zuwa ɗaya bayan ɗaya. Wani dattijo ya ba ni lissafinsa tsaf, ba ragi ba ƙari: gona biyu, rumbu ɗaya, katangar gida, awaki uku. Na rubuta, na ce na gaba. Bai tashi ba.

"Malam, ka gama?"

"Na gama, Baba."

"A'a. Ka rubuta rabi. Taho ka ga sauran."

Don kunya kawai na bi shi, ga layi na jirana. Ya kai ni ɗakin da ya rage a tsaye, ya nuna sama. Daga azara an rataye ƙullin buhu biyu da igiya, irin shinkafa ne da ya keɓe tun bara, ruwan ya tsaya kamu ɗaya a ƙarƙashinsa, ga zanensa nan a bango. Ya nuna injin ban ruwa da 'ya'yansa suka ɗora a kan rufin shago cikin dare. Ya kira jikokinsa, ya ƙirga min su da yatsa, bakwai, kamar mai tsoron kada na ce shida ne. Daga nan ya duƙa a bakin ƙofa ya ɗebo laka, baƙa wuluk, mai santsi, ya murza ta tsakanin yatsunsa ya sa min a tafin hannu.

"Wanga ko, kai ne malami, ka fi ni sani. Nawa za ka sayo min irinta a kasuwa?"

Na san abin da yake nufi, a makaranta ma an koya mana: ambaliya tana kwashe amfanin bana, amma tana shimfiɗa sabuwar ƙasa mai taki a fadama, ga ruwan ƙasa ya taso kusa, rijiyar tuka-tuka ba za ta sha wuya ba a rani. Na sani a littafi. Amma mako uku ina taka wannan lakar ina tsine mata saboda tana riƙe min takalmi.

Na ce, "Baba, takardar ba ta da gurbin wannan."

Ya ce, "To ka sa a taka. Alhamdulillahi."

Musulmi ne, ni Kirista, amma ranar shi ya tura ni ga Littafi Mai Tsarki. Da dare na buɗe ƙarshen littafin Habakkuk, wurin da tun muna yara a makarantar Lahadi muke haddacewa, sura 3 aya 17 da 18. Sai na ga abin da ban taɓa lura da shi ba. Annabin nan takarda irin tawa ya cika. Ɓaure bai yi toho ba, inabi ba 'ya'ya, zaitun ya ƙi, gonaki ba abinci, garke ba tumaki, turke ba shanu. Abu shida ya jera, bai ɓoye ko ɗaya ba, bai kuma ce ba komai ba ne. Sai da ya gama jerawa sannan ya ce duk da haka zai yi murna da Ubangiji. Da nake ɗauka mai godiya shi ne wanda bai ji zafi ba, ko wanda ya iya ɓoye shi. Ashe mai lissafi ne wanda ya ƙi tsayawa a rabin shafi.

Na ɗauki biro na gwada nawa. Da farko abin ya ba ni haushi, kamar yaron da aka tilasta wa cewa na gode. Amma abubuwan suna nan, ba ƙirƙira na yi ba. Albashina bai tsaya ba a shekarar da na wasu ya tsaya. Kwalekwalen da muka shiga da yamma guda, ruwa na shiga ta ƙasa muna kwarfewa da kwano, ya kai mu gaɓa, ni kuwa ko iyo ban iya ba. Mai takin da nake bin hanyar baya don kada mu haɗu, shi ya aiko yaro ya ce in bari sai bayan rani. Matan zumunta sun kawo wa matata masara kwano uku, ba su ma tsaya an gode musu ba. Duk wannan ya faru a cikin makonnin da nake cewa Allah ya juya min baya.

Daga ranar na sayi ƙaramin littafi na biyu. In na cika takardar ofis, sai na tambayi manomi, "Me ya rage?" Wasu sukan dube ni kamar na zage su, da gaskiyarsu. Amma yawanci sai mutum ya yi shiru, sannan ya fara: akwai iri tiya goma, akwai inji amma ba tiyo, akwai shanun huɗa. Abin mamaki, wannan littafin ya fi takardar amfani a wurin aikin kansa. Da shi na san mai iri ba inji, da mai inji ba iri, na haɗa su kafin noman rani. Da shi kuma na fara yi wa masu gonakin kwari maganar Faro 66 da Faro 67, irin da aka fitar a 2017 masu iya jure kusan mako biyu a ƙarƙashin ruwa, duk da samunsu a kasuwa wani aiki ne.

Abu guda na kiyaye. Ba na cewa kowa ya gode wa Allah. Akwai matar da ruwa ya tafi da ɗanta. A gabanta littafina na biyu bai fito daga aljihu ba, zama na yi na yi shiru. Abokan Ayuba sun yi daidai kwana bakwai ɗin da suka rufe bakinsu, da suka buɗe ne suka ɓata. Mu masu bi muna da saurin jefa wa mai makoki aya, wani lokaci don mu huta da ganin hawayensa ne. Dattijon nan kayansa ya ƙirga min, bai ce in ƙirga nawa ba.

Bashin takin sai da ya kai ni damina ta gaba kafin na gama biya, adashen matata kuwa har yau in mun yi faɗa yana fitowa. A watan Afrilu, bayan an yanke shinkafar rani, wani saurayi ya zo ofis a kan babur da ƙullin leda, ya ce kakansa ya ce a ba malamin da ya rubuta rabi. Shinkafa ce tiya biyu, 'yar gida, da ɗan tsakuwarta. Muka dafa ɗaya. Ɗayar matata ta zuba a kwanon sha mai murfi, ran Lahadi ta kai gaba lokacin baiko, ta ajiye kusa da ƙwaryar ƙwai da wata tsohuwa ta kawo.