Darasin da taswirar kotuna ta koya mini

A shekarar da muka yi darasin kwatanta dokokin ƙasashe, malaminmu ya ba mu aikin gida cewa mu ƙaddara wani ɗan kasuwa ya shigar da ƙara a kotun tarayya da ke jihar Texas ta Amurka, mu rubuta hujjojin da lauyansa zai gabatar. Kwana uku na yi ina bincike a ɗakin karatu har na ci karo da wani hukunci da ya dace da batun kamar an auna, na ɗora rubutuna gaba ɗaya a kansa, na miƙa ina ganin babu wanda zai kamo ni. Da takardar ta dawo, sai na tarar malam ya zagaye sunan kotun da jan biro, ya rubuta a gefe: “Wannan kotu a San Francisco take zama. Ina ruwan alƙalin Texas da ita?”

Na same shi a ofis na ce, “Malam, ai duk kotun ɗaukaka ƙara ce ta tarayya, kuma dokar da suke fassarawa ɗaya ce.” Bai yi gardama da ni ba, ya dai ɗauko taswirar Amurka wadda aka rarraba da launuka, ya ce in nuna masa launin Texas, sannan in nuna masa na Kalifoniya. A nan na gane tushen kuskurena. Na saba da tsarin Najeriya, inda Kotun Ɗaukaka Ƙara kotu ɗaya ce mai rassa a garuruwa daban-daban, sai na zaci ko'ina haka abin yake.

A Amurka kotunan tarayya na matakin farko gundumomi 94 ne, an kuma tattara su ƙarƙashin shiyyoyi 12, kowace shiyya da kotun ɗaukaka ƙararta. Akwai ta 13, wadda aka kafa a 1982, da ba a yanka mata ƙasa ba, sai dai aka ware mata wasu nau'o'in shari'a daga duk faɗin ƙasar, kamar rigimar haƙƙin ƙirƙira. Abin da ya fi muhimmanci shi ne, hukuncin kotun shiyya yana ɗaure alƙalan da ke cikin shiyyar ne kaɗai. Ga na waje kuwa ra'ayi ne mai daraja, wanda alƙali zai iya karantawa ya gamsu, ko ya karanta ya ajiye. Saboda haka doka ɗaya da majalisa ta zartar tana iya samun fassara biyu masu karo da juna, kowace kuma tana aiki a yankinta, har sai ranar da Kotun Ƙoli ta raba gardama. Ita kuwa Kotun Ƙoli, cikin dubban buƙatun da ake kai mata a shekara, waɗanda take saurara ba sa kai ɗari, don haka saɓanin yakan daɗe.

Da na bi tarihin iyakokin, sai na ga ba a zana su lokaci guda bisa wani ma'auni ba, yanayi ne ya riƙa tilasta su. Tun daga 1789 alƙalan Kotun Ƙoli da kansu suke hawa doki ko keken doki suna zagaya yankuna don sauraron ƙararraki, sai a 1891 aka kafa kotunan ɗaukaka ƙara na shiyyoyi don rage musu nauyi. Shi ya sa girman shiyyoyin bai daidaita ba: shiyya ta ɗaya mai mazauni a Boston kujerun alƙalai 6 gare ta, ta tara kuwa, wato kotun San Francisco da na dogara da hukuncinta, 29, tana ɗauke da jihohi tara har da Kalifoniya da Alaska da Hawaii, ga kuma tsibirin Guam. An daɗe ana muhawara kan a raba ta, kuma a ganina masu cewa ta yi girma suna da hujja, domin da wuya alƙalai masu yawa haka su riƙa magana da murya ɗaya.

Abin da ya fi jan hankalina shi ne rabuwar shiyya ta biyar a 1981, lokacin da aka cire Alabama da Florida da Georgia aka yi musu shiyya ta 11 mai mazauni a Atlanta, aka bar Texas da Louisiana da Mississippi ƙarƙashin kotun New Orleans. Sabuwar kotu ta wayi gari ba ta da hukuncin baya ko ɗaya nata, don haka tun a farkon zamanta ta ayyana cewa hukunce-hukuncen tsohuwar shiyya ta biyar da aka yanke kafin 1 ga Oktoba, 1981, sun zama nata. Ke nan lauya a Florida zai iya dogara da hukuncin New Orleans na 1979, amma na 1985 ba ya ɗaure alƙalinsa. Hurumi ashe yana da iyaka a taswira, yana kuma da iyaka a kalanda.

Wannan ne kuma ya fahimtar da ni dalilin da ya sa lauyoyi ke ɓata lokaci wajen zaɓen inda za su shigar da ƙara idan doka ta ba su zaɓi, da dalilin da ya sa wanda ake ƙara yakan fara da ƙalubalantar hurumin kotu kafin ya ce uffan kan zargin da ake masa. A da ina yi wa wannan kallon jan ƙafa, kuma wani lokacin jan ƙafar ne, amma sau da yawa sakamakon shari'ar ne kacokan ya rataya a kai.

Malam ya ba ni mako guda in sake aikin. Da na koma na binciki hukunce-hukuncen shiyya ta biyar, sai na tarar kotun New Orleans ta taɓa duba irin wannan batu, ta kuma yanke akasin abin da kotun San Francisco ta yanke. Dole na rushe rubutun, na fara da amincewa cewa hukuncin da ke ɗaure alƙalin bai goyi bayan mai ƙara ba, sannan na yi ƙoƙarin nuna inda shari'arsa ta bambanta da waccan. Hukuncin da na kwana uku ina nema ya koma sakin layi ɗaya a shafi na ƙarshe.