Abin da ya durƙusar da kasuwar tsohuwar tashar jirgin ƙasa ta St. Louis

An buɗe tashar Union Station ta St. Louis a Amurka a 1894, jirgin fasinja na ƙarshe ya tashi a 1978. A 1985 aka mayar da ita rukunin shaguna da gidajen abinci da otal.

Ciniki ya kankama da farko, amma yawancin masu sayayyar 'yan yawon buɗe ido ne. Babu babban kantin da zai riƙa jawo 'yan gari kullum, ga kuɗin ajiye mota, alhali a kantunan bayan gari kyauta ne. Shagon tsaraba kuwa, wanda ya saya yau ba lallai ya dawo ba. Haka shagunan suka riƙa rufewa. A 2012 aka sayar da wurin, a 2019 aka buɗe gidan kallon kifaye a mazaunin shagunan.