Abin da aikin auna shirye-shiryen tallafi ya koya mini

Duk wanda ya zauna a sashenmu na auna tasirin shirye-shiryen tallafi ya san dalilin da ya sa muke jefa ƙuri'a, irin ta sa'a, wajen fitar da waɗanda za a ba tallafi. In aka bar wa ma'aikatan fili zaɓen gidajen da za a ba jari, masu kuzari da masu baki za su ɗauka, waɗanda ko babu tallafi sun riga sun kama hanya. Ƙuri'a ce ke sa rukunin masu karɓa da rukunin kwatance, wato waɗanda ba a ba tallafin ba don a gwada su da masu karɓa, su tashi kunnen doki, ta yadda bambancin da ya fito daga baya za a iya jingina shi ga shirin.

Daraktanmu ya san wannan sarai, har yakan yi wa masu ba da kuɗi bayaninsa. Amma bayan jerin sunaye ya fito, sai ya sa aka ɗebe wasu ƙauyuka daga rukunin kwatance aka mayar cikin masu karɓa, wai mota ta fi kaiwa can. Na same shi na ce, "Ranka ya daɗe, ƙauyen bakin titi ya fi kusa da kasuwa da asibiti, in muka yi haka sakamakon ya gurɓace." Ya ce har yanzu ban san yadda ake riƙe aiki ba. Da masu bita daga waje suka gano rukunonin ba su daidaita ba, ni aka kira gaban kwamiti, domin sunana ne a ƙarƙashin babin ƙididdiga. Yana zaune a wurin, bai ce uffan ba. Shirun nan nasa ne ya sa na ajiye aikin, kuma har yau yana ci mini rai.

Abin takaicin shi ne babu wata dabara da ake buƙata. Mekziko ta fara shirin Progresa na ba iyalai matalauta tallafin kuɗi a 1997, kuma da yake ba za a iya kai wa kowa lokaci guda ba, aka raba ƙauyuka 506 ta ƙuri'a, 320 suka fara karɓa, 186 suka ɗan jira. An bar jerin yadda yake, aka yarda da sakamakon, shirin ya tsallake canjin gwamnati na 2000.

Tsoron da ke damun irin su daraktanmu shi ne a ce shiri bai yi tasiri ba. To ai a Kenya an raba littattafan karatu, aka ga ɗaliban da suka riga suka yi gaba ne kawai suka amfana, kuma aka wallafa hakan. Gwaje-gwaje shida kan ƙananan basussuka da aka buga a 2015 sun nuna amfanin ɗan kaɗan ne, bai kai yadda aka zuzuta ba. Da irin wannan aiki masana tattalin arziki Banerjee, Duflo da Kremer suka sami kyautar Nobel a 2019.

Ga wanda zai gaje ni: ka yi rajistar tsarin bincikenka kafin a tattara bayanai, kuma ranar da aka jefa ƙuri'a ka aika kwafin jerin ga wani na wajen ofis. Ka bi sawun waɗanda suka ƙaura daga rukunonin biyu. Ka kula da amfanin da ke malala zuwa maƙwabta, kamar yadda maganin tsutsar ciki ya yi a makarantun Busia da ke Kenya. Ƙuri'ar kuma a jefa ta a bainar jama'a, waɗanda ba su ci ba a faɗa musu gaskiyar lokacin da nasu zai zo.